Sharfaddeen da Littafin da Aka Zarga

Kullum bayan la'asar Sharfaddeen, mutumin Sudan, yakan shiga wani gidan abinci a titin Huanshi Lu, can ƙasar Sin, ya zauna gefen taga, ya gyara tsirkiyar udu, molon nan na Larabawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Yakan fara da kiɗan Larabawa, can sai ka ji ya karkato kamar kiɗan ƙwarya na gida.

'Yan kasuwar Kano ba su yarda da shi ba. Ya cika tambaya: wane gari, wace unguwa, ya sunan kakarka. Kuma duk abin da aka faɗa sai ya rubuta a ɗan littafi. A inda bizar wasu ta ƙare, ba a jima ba aka fara raɗa cewa ɗan rahoto ne. In ya shigo sai hira ta mutu.

Hajiya Ramlatu, mai sarin jakunkuna a kasuwar Shiling, ta fi kowa zarginsa. Ranar da aka tsare ƙaninta Suleiman kan takardu, ta zo ta tsaya a kansa, ta ce ya buɗe littafin a gaban jama'a. Ya miƙa mata. Ajami ne, baitocin waƙar niƙa, kowane a gutsure.

"Hajiya, kakata daga ƙasarku ta taso za ta Makka a ƙafa, ta tsaya a Sudan," in ji shi. "Wannan take rera mini. Ta rasu ban riƙe ƙarshen waƙar ba, shi nake nema."

Ramlatu ta ɗauka wayo ne. Duk da haka washegari ya ajiye udunsa ya bi ta ofis-ofis yana yi mata tafinta da Sinanci, kwana huɗu, har aka bar Suleiman ya koma gida lafiya. A motar dawowa ta rera masa baiti biyu da ta ji a bakin innarta. Ya roƙe ta ta maimaita masa su.

Mu 'yan kasuwar Kano, kai ne muka yi wa mummunan zato, ka yi mana tafinta. Mun gode, Malam Sharfaddeen, Allah ya saka. Mu kuwa mu koyi tsaya wa baƙo irin naka. Watan gobe Malam Sharfaddeen zai koma wajen iyalinsa. Wanda ya san ya taɓa janye kujera don gudun shi, ya je ya gaishe shi kafin ya tafi.