Buhun Wake a Fakku

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, wani malaminmu ya haɗa mu aikin ƙauye uku-uku, kowa daga sashensa. Ni Hausa nake karantawa. Aka haɗa ni da wani ɗan Dogon Daji mai karatun noma, wanda daga baya ya zama abokina, da wata ɗaliba mai karatun lafiyar al'umma. Malam ya ce maki ɗaya ne: ko mu ci tare, ko mu faɗi tare.

Wani ƙauye kusa da Fakku muka je. A can mutane na zuba maganin feshi cikin wake don kada ƙwari su ci, yara kuma na ta ciwon ciki.

Ranar farko kowa ya yi nasa. Abokina ya jero sunayen ƙwari da Turanci. 'Yar lafiya ta yi bayanin illar maganin ga hanta har mata suka tsorata. Ni kuwa na zuba Hausar littafi, ina jin daɗin muryata. Da muka gama, wata tsohuwa ta ce, "Ɗiyana, kun yi ƙoƙari. To mi kunka ce mu yi da waken?"

A hanyar komawa masaukinmu a Tambuwal, sai 'yar lafiya ta fashe da dariya. "Wallahi ni ma ban gane ku ba," in ji ta.

Muka zauna, kowa ya koya wa sauran nasa har suka iya maimaitawa. A nan na san buhu mai leda a ciki, in an ɗaure shi tam, ƙwaro ba ya samun iska. Na mai da abin wasan kwaikwayo, muka koma ƙauyen muka yi musu. Abokina, duk da girman kansa, shi ya fito a ƙwaro. Muka cusa shi cikin buhu iya wuya, yana ihu, "Ku buɗe, mutuwa nika yi!" Tsohuwar nan ta yi dariya har da hawaye, ta ce a nuna mata ɗaurin.

Mun ci makin. Bayan kaka kuma labari ya iso mana cewa gidaje da dama sun bar maganin.

Yanzu ni ma koyarwa nake. Duk shekara sai wani ɗalibi ya zo ofis yana ƙorafin an haɗa shi da waɗanda ba su san fanninsa ba. Nakan ce masa, "Madalla. Je ka yi musu bayani har su gane, sannan ka dawo mu ga ko kai ka sani."