Rawar Inna Rabi a Hayin Gada

Shekara uku ke nan da rasuwar Inna Rabi, ƙanwar mahaifiyata. A wurin sadakar da aka yi mata makon jiya kowa ya faɗi alherinta: azuminta, haƙurinta da tsofaffin da take jinya a gidajensu, tuwon da take aika wa maƙwabta. Duk gaskiya ne. Amma ba wanda ya ambaci rawa. Ni ɗalibar sakandare ce, ban iya magana a cikin manya ba, shi ya sa na ce bari in rubuta.

A ƙasar waje muke zaune, a unguwar Port Richmond, ɗakinmu ɗaya da ita. Bayan an yi mata aikin cutar daji an cire mata nono ɗaya, ciwon ya warke amma Inna ba ta dawo yadda take ba. Ta rataya zani a kan madubi. Ta daina zuwa suna da biki. In tana tafiya sai ta duƙar da kafaɗar hagu. Ko ƙofa aka ƙwanƙwasa, sai ta jawo filo ta rungume kafin a buɗe.

'Yar wata tsohuwa da take jinya ce ta ba ta labarin wani ajin rawa. A wani ƙaramin gari yake a New Jersey, hayin gada, inda ba ka ganin kowa a titi sai mai yawo da kare. Ɗaki ne a saman shagon wanki, mata zalla, labule a sauke. Rawar ƙugu irin ta Larabawa ake koya, wadda nan suke kira belly dance. Inna ta ce wa Umma likita ne ya ce ta riƙa motsa jiki. Ya faɗa ɗin kuwa, bai dai faɗi irin motsin ba.

Duk Asabar ni ke raka ta, saboda Turancin malamar yana mata sauri. Miss Carol sunanta, mai furfura, ga tumbi da tabon tiyatar haihuwa a fili, ko a jikinta. Da farko Inna a layin baya take tsayawa, ta ɗaura gyale mai kacau-kacau a kan hijabinta, idonta a ƙasa. Sannu a hankali hijabin ya koma kan ƙusa, ta matso layin tsakiya. Ni na fara lura cewa a bas ta daina ɗora jaka a ƙirjinta.

Gyalen ne ya tona asiri. Ya shiga cikin wanki, Umma ta ji abu yana ƙara a inji.

"Rabi, rawa? Da girmanki? Wanda ya tashi daga irin wannan ciwo ba istigfari ya kamata ya riƙe ba? In matan masallaci suka ji, ina zan sa kaina?"

"Yaya, istigfarin ina yi. Ki zo ki gani kawai. In kika ce in bari, na bari."

Da ta bari ɗin, domin Umma ce ta raine ta, ba ta taɓa tsallake maganarta ba. Na kuma san in ta bari, filon nan za ta koma runguma.

Gani ya kori ji, Umma ta biyo mu. Ranar ta dace da ƙarshen zango, kowace za ta fito ita kaɗai. Umma ta zauna bakin ƙofa, fuska a murtuke, ko mayafinta ba ta sassauta ba. Aka zo kan Inna. Gaskiya ba ta iya sosai ba, ƙafarta kullum sai ta zame ta koma takun bikin Kano. Amma ta ɗaga hannu biyu sama, har da na hagun, ta buɗe ƙirji, ta juya.

Sai ganin Umma na yi a tsakiyar fili. Ta zaro dala ta liƙa mata a goshi, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Miss Carol ta kashe kiɗa a rikice, ta ce nan ba a ba mai rawa kuɗi, ba irin wannan wurin ba ne.

Umma ta juyo gare ni. "Ke Hafsatu, gaya mata a wurinmu wadda ta yi rawa ba a liƙa mata ba, ba ta da dangi."

Na faɗa mata. Miss Carol ta nufi jakarta, ta zaro dala ita ma. Sauran matan suka bi ta, suna tambayar yadda ake yi takardar ta zauna a goshi. Umma ta ce gumi ne ke riƙe ta.

A hanyar gida abin da ta ce kawai shi ne, "Ƙugun dai na Larabawa, ƙafar ta Fagge." Ba ta ce a bari ba. Wata biyu bayan nan Inna ta je suna a unguwar Jamaica, da ƙyar aka raba ta da filin rawa. Da ciwon ya dawo, bai same ta a ɓoye ba.

Yanzu ɗakin rawar nan ya zama wurin gyaran farce. 'Yan ajinmu na makaranta a waya suke koyon rawar, kowa ita kaɗai a ɗakinta. Ina jin da Inna ta gani za ta ce, to wa zai yi musu guɗa? Ni ban koya ba, kunya ta hana ni, kuma har yau akwai masu ganin abin da ta yi bai dace ba. Ban isa in yi musu gardama ba. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ta bari a wurin Umma na gan shi. Da, in ta je dubiya, addu'a ce da kunu. Watan jiya aka yi wa maƙwabciyarmu, wata 'yar Kumasi, irin aikin Inna. Umma ta kai kunun, ta yi addu'ar, sannan ta ce, "Yanzu me ranki yake so?" Matar ta yi dariyar kunya, ta ce tun tana yarinya take son hawa keke.

Umma ta ce, "To, ki warke. Zan nemo mana guda biyu."

Allah ya jiƙan Inna Rabi, ya sa ta huta.