Malam Dabo, Mai Tsara Shafin Wasannin Ƙarshen Shekara

Da hantsin Talata, 14 ga Rajab 1446, wato 14 ga Janairu 2025, ina gida a Baure 'yarka Raihana ta kira ni a waya, ta ce, "Kawu Ikrima, Baba ya cika." Na yi ta maimaita innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar muka sallace ka a ƙofar gidanka a Daura, muka kai ka makwancinka.

Malam Dabo, masu karanta jaridar Bakin Iyaka da yawa ba su san sunanka ba, domin sunayenmu mu masu aiko labari ake bugawa. Amma kai ne kake zama gaban kwamfuta ka yanke inda kowane labari zai zauna, wane hoto zai yi girma, wane kanu zai fara kama ido. A duk aikinka ba abin da ka fi ƙauna kamar shafuka biyun tsakiya na fitowar ƙarshen Disamba, inda ake waiwayar wasannin shekara. Tun kaka kake fara damun mu da waya: ina hoton kokawar Mashi, ina sakamakon gasar unguwanni, wa ya ci dambe.

Ranar da na fara kawo maka hotuna, ka duba su a wayata, ka cire tabarau ka ce, "Ikrima, waɗannan mutane ne ko itatuwa? Ka matsa kusa. Ka durƙusa in ta kama, ka sa rana a bayanka. Uba yana so ya gane fuskar ɗansa." Na ji haushi a ranar, domin ba ka iya sassauta magana ba. Kana da faɗa a kan aiki, musamman in an kuskure sunan mutum ko an bar ƙa da ɗa babu lanƙwasa. Sai daga baya na gane kyauta kake koya mini sana'ar da nake ci da iyalina yau.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ka yi wa 'yan ƙwallon guragu na garin Babban Mutum. Matasa ne da shan inna ya taɓa, suna wasa a kan katako mai taya, suna buga ƙwallo da hannu. Wurin wasansu wani dandamalin siminti ne a gefen tasha, kuma shi kaɗai ne a garin da tayoyinsu ke iya gudu a kai. A shekarar da suka je Daura suka ciyo kofi, a shekarar ce shugabannin tasha suka yanke shawarar gina shaguna a wurin. Na rubuta labarin, aka ba shi 'yar kusurwa, ba wanda ya kula.

Da Disamba ta zo, edita ya ce a cika tsakiyar shafi da hoton 'yan wasan Turai, domin su ne ke sayar da jarida. Ina wurin ka ce masa, "Ranka ya daɗe, waɗannan kowa ya gan su a wayarsa ya gaji. Ka ba ni wannan shekarar kawai. In ba ta sayu ba, baɗi ka sa wanda kake so, ba zan ce uffan ba." Sai ya ce ka yi.

Ka ɗauki hoton da na yi a durƙushe, kyaftin ɗinsu Anwar ya miƙa hannu zai doki ƙwallo, ƙura na tashi, jama'a sun zagaye su. Ka shimfiɗa shi ya ratsa shafuka biyu. 'Yan Turai ka jera su ƙanana a ƙasa. Sunan kowane ɗan wasa ka sa shi, bayan ka sa na koma garin na tambayi kowa yadda ake kiransa a gida. A gefe ka ware akwati guda, ka rubuta cewa wannan dandamalin ne za a rushe.

Ranar kasuwa na kai jaridar Babban Mutum. Mai shayi ya manna shafin a bangon rumfarsa, direbobi suka taru suna nuna 'ya'yan maƙwabtansu. Kafin sati ya zagayo, dattawan gari suka zauna da shugabannin tasha, aka mayar da shagunan ɗaya gefen. Har yau a nan ake wasa. Da na gaya maka, cewa ka yi, "To madalla. Hoton baɗi ya fi wannan kyau."

Baɗin ta zo mana da rashi. Mai tsaron ragar 'yan wasan, Yazid, ya rasu a haɗarin babur a hanyar Baure. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ba ta da hotonsa ko ɗaya tun da ya girma. Ka bi tsofaffin hotunan da na taɓa aiko maka har ka samo wanda yake dariya, ka gyara haskensa, ka ba shi wuri a saman shafin shekarar. Sannan ka wanke babba, ka sa a gilashi, ka hau mota da kanka muka je. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, ta ce, "Malam, haka yake dariya. Allah ya faranta maka yadda ka faranta mini." A hanyar dawowa ba ka yi magana ba har muka shiga Daura.

Disambar da ta wuce ciwo ya riga ya ci ƙarfinka, hannunka ba ya iya riƙe komai. Raihana, wadda ka koya wa aikin, ita ta zauna gaban kwamfuta, kai kana kishingiɗe kana cewa ta ɗaga wannan, ta rage wancan. Shafin ya fita a kan lokaci. Ka gan shi a takarda kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ina gode wa Allah da hakan.

A wurin jana'izarka na ga Anwar da abokan wasansa. Sun yi hayar mota tun daga Babban Mutum, suka sauka da katakansu, suka shiga sahu.

Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya Murjanatu, da Raihana da 'yan'uwanta, da abokan aikinmu na Bakin Iyaka, da 'yan wasan ƙasar Daura da ka sa aka san fuskokinsu. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Na gode, Malam Dabo. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya karɓi addu'ar Inna Kulu a kanka. Ya albarkaci bayanka, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Ikrima Muhammad Baure