Igiyar da Narcisa Ta Ja

A masana'antar kifin gwangwani da ke bakin teku a garin Manta, idan aka ce "Ofelia ce ta faɗa", to magana ta ƙare. Ofelia Anchundia ta shiga wurin tana budurwa, ta yi aure, ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, duk tana tsaye a tebur ɗaya tana zare ƙayar kifi. Ba ta da ofis, ba ta da muƙami. Jarinta bakinta ne, mai zafi kamar barkono, amma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

Dokar wurin ba a rubuce take ba, sai dai kowa ya haddace ta: kifi ba ya jira. Wuƙa ta yanke ki, ki naɗe yatsa ki ci gaba. Kin ga ɓarna, ki kau da kai, domin wadda ta tsayar da aiki ita ake fara nuna wa ƙofa.

Ana nan sai ga sabon manaja, Injiniya Intriago, matashi mai fara'a da ƙamshin turare. Ya sa aka rataya igiya ruwan ɗorawa a saman teburori, ya ce duk wadda ta ga matsala ta ja, inji zai tsaya, kuma ba mai hukunta ta. Mata suka tafa masa, suka koma aikinsu, igiya tana lilo har ta fara ƙarni. Injiniya ba wawa ba ne. Ya tambaya maganar wa matan nan suke ji, aka nuna masa Ofelia.

Ya kira ta ofis yana ce mata Doña Ofelia, wato Uwargida Ofelia, ya zuba mata kofi da hannunsa, ya roƙe ta ta sa mata su riƙa jan igiyar. Ta ce ita ba ta tallar abin da ba ta ɗanɗana ba. Washegari ta ga ruwa yana ɗiga kusa da wayar lantarki, ta miƙa hannu ta ja. Inji ya yi tsit. Injiniya ya sauko da murmushi, aka ɗauke su hoto shi da ita aka manna a bakin ƙofa. Daga ranar Ofelia ta ɗauki abin nan ta ɗora a ka. A motar ma'aikata da wurin cin abinci tana bin mata da tsiya, wai hannayensu ba sa miƙuwa sai ranar albashi. Sannu a hankali aka fara ja, raunuka suka ragu, kuma ta yi alfahari da hakan ƙwarai.

Wadda ta fi kowa taurin kai ita ce aminiyarta Narcisa. Ofelia ce ta riƙe ɗan Narcisa a coci ranar baftisma, tun daga lokacin ba su ƙara kiran juna da suna ba, sai comadre, kiran zumuncin da uwar yaro da wadda ta riƙe shi suke yi wa juna.

"Comadre, romon baka ne," in ji Narcisa. "Ke ma'aikaciyar dindindin ce. Ni kwangila ce ke riƙe da ni, ga yara, ga ubansu teku ta cinye."

"Na rantse da yaron da na riƙe miki, ba abin da zai same ki."

An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wata rana jirgin ruwa yana tasha yana jiran kaya, sai tsinin wuƙar Narcisa ya karye ya ɓace cikin kifi. Ba wadda ta gani. Narcisa ta ɗago ta dubi Ofelia, ta nuna mata guntun wuƙar, Ofelia ta gyaɗa mata kai. Narcisa ta ja igiya. Aka yini ana nema, aka zubar da kifi mai yawa, jirgi ya tafi ba kayan. Ranar ba a ɗauki hoto ba. Da wata ya ƙare, aka ce wa Narcisa ba za a sabunta kwangilarta ba.

Ofelia ta hau ofis da ƙarnin kifi a jikinta. Wannan karon ba kofi. Injiniya ya ce ba ruwan igiya, rage ma'aikata ne, kuma umarnin daga sama ya zo. Ko kunya babu, ya ƙara da cewa yana so ta je sabon reshe ta koya wa matan can jan igiya, tun da suna jin magana irin tata.

"Injiniya, bakina ka ara ka yi ƙarya da shi," ta ce. "Ba ni da wani da zan ba ka."

Ta sauko zuciyarta tana tafasa, ta hau kan akwatin kifi, ta naɗe igiyar ta ƙulle ta can sama inda hannu ba ya kai. Tun tuni mata sun daina kallon igiyar, sun kuma daina kallon Ofelia.

Narcisa kuwa ta kafa tukunyar farfesun kifi da soyayyar ayaba a bakin ƙofar masana'anta, dab da hoton nan da rana ta fara cinyewa. Ofelia ta daɗe tana zagayewa ta ƙofar baya. Wata safiya dai ta yi ta maza, ta shiga layi, ta iso gaban tukunya.

"Comadre..." ta fara.

Narcisa ta ɗauki kwano, ta goge shi tsaf, ba ta ɗago ba.

"Me za a zuba miki, Doña Ofelia?"