Mutum na Uku a Cikin Tarhonmu

Matso kusa ka ji, wannan ba maganar ɗaga murya ba ce, ko da yake ni na gaji da raɗa.

Shekarar da ruwa ya ƙi, soja na mulki, mai gidana majo ne, wato babban malamin jinya, a gidan likitan Tasawa. Saboda aikinsa aka jawo mana wayar tagulla har ɗaki, aka ajiye tarho baƙi. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma kunnena, ko akuyarmu ta yi kuka cikin garke ina gane ta.

Yayata na aure a Mayahi. Ran kasuwa takan je gidan waya ta kira ni. Wata rana muna cikin gaisuwa na ji ƙyas, muryarta ta yi nisa, sai ga wani shuu kamar mutum na riƙe numfashi.

Na ce, "Yaya, da wani tare da mu."

Ta ce, "Ke dai da kunnen tsiya!"

To a gidanmu ba a barin baƙo tsaye ba gaisuwa. Na ce, "Malam da ka shigo, sannu da zuwa, ina gajiya? Tunda kana ji, ka ji da kyau. Mutanen Issawane 'ya'yan anza na daji masu ɗaci suke jiƙawa su ci, rumbu ba ko zangarniya. In kana da manya, ka kai musu."

Yaya ta yi dariya har da tari. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa, na ɗauka gero zai biyo baya.

Jandarma ne suka biyo baya. Suka tahi da mai gidana, wai daga tarhon gwamnati ake yaɗa ƙaryar yunwa. Ƙarya! Shi da ke auna yara yana ganin hannuwansu kamar kara. Da suka sake shi, sai aka maida shi can arewa mai nisa, ba iyali. Ɗiyata ta yi rarrafe, ta yi tahiya, ta iya magana, ba ta san uba ba. Da ya dawo ƙirjinsa ya riga ya lalace, bai daɗe ba.

Ɗiyar nan yau ita ke aikin waya. Da aka haƙa rami bakin kwalta ta wajen Maijirgi ana binne sabuwar waya, ta kawo mini guntu, siriri kamar gashi, wai gilashi ne, haske ke gudu ciki. Ta ce, "Inna, akwai ɗan akwatin da muke sawa, ya tsaga hasken, kaɗan ya ratse gefe mu ga abin da ke wucewa. Don gyara ne, in layi ya cushe."

Na ce, "Yana ƙyas?"

"Ba ya komai, Inna. Ba mai ji."

Na aje faifan da ke hannuna. Na ce, "Wanda ya jawo ajalin ubanki ma, gyara aka ce yana yi. Shi ko numfashinsa na ji."

Ta ce ita ba ta sauraren kowa, kuma na yarda da ita, ni na haife ta. Amma ga kaki ya dawo mulki, damina na wasa da mu, kuma akwatin ba ya tambayar wa ya zauna gabansa. Jiya jikar yayata ta kira, na ce hatsi fa, ta ce lafiya lau, na ce lafiya lau, dukanmu mun san ƙarya muke.

Kai da tarho ke aljihunka, in rumbunku ya ƙare, za ka faɗa a cikinsa?