Takardar Tsohon Kafinta

Ni dai tun asali ban yarda da mutumin da ba ya gajiya ba, shi ya sa ban yarda da Koriyawa ba tun ranar farko. A farkon shekarun tamanin ne, suna gina wata gada a kudancin Jidda, ni kuma na samu tsaron siton kafintocinsu. In buɗe da safe, in miƙa zarto da guduma da ƙusa, in karɓa da yamma, in share garin katako. Kafin su taɓa aiki sai sun jeru sahu-sahu suna miƙe hannu da ƙafa kamar sojoji. Na ce a raina, waɗannan akwai abin da suke ɓoyewa.

Alhali ni ne mai abin ɓoyewa. A iƙamata, takardar izinin zama a ƙasar, direban gida aka rubuta. Kafilina, wanda ya tsaya mini a takardar, wani dattijo ne haifaffen Jidda da ke unguwar Sharafiyya, ya ce in je in nemi na kaina, amma in an kama ni bai san ni ba. Ranar da jawazat, masu kula da takardun baƙi, suka same ni a wurin aikin gadar, to sai jirgi. Ga matata da ciki wata takwas a ɗaki guda a unguwar Mahjar, ba ta da kowa a ƙasar sai ni. Da wannan tsoron nake kwana, da shi nake tashi.

Ɗakin namu ƙasa ne da danshi, ga kyankyasai. Na ce jaririna ba zai kwanta a ƙasa ba. A bayan sito akwai tarin guntayen katako da ake zubarwa, sai na fara tsinta ina cusawa a buhu. Na gaya wa kaina ba sata ba ce, amma kuma ban taɓa ɗauka ba sai na waiga hagu da dama. A karo na uku ina ɗaure bakin buhu, na ɗago kai, sai ga shugaban kafintocin tsaye a kaina.

Tsoho ne gajere mai furfura, fensir a bayan kunne, yatsansa ɗaya guntule. Larabcinsa duka bai wuce "yalla" da "halas" ba. Ya sa hannu a buhun ya zaro katako ɗaya, ya juya shi, ya shinshina, ya danna babban yatsa a kan wata tsaga. Ya girgiza kai, ya mayar mini, ya wuce abinsa. Da ya zage ni ma da na fi samun barci.

Washegari ya tsaya a ƙofar sito, ya ɗaga yatsa, ya faɗi wata gajeriyar magana yana kallona. Sauran kafintocin suka gyaɗa kai, wasu suka yi dariya. Ko ba ka jin harshe kana gane karin magana: gajera ce, gida biyu, tana faɗuwa daram, manya su gyaɗa kai. Da rana na tare mai dafa musu abinci, wani magidanci mai tumbi da ya daɗe a ƙasar har ya tsinci Larabci tsinta-tsinta. Na ce me tsoho ya ce da ni?

"Masal," in ji shi. "Maganar kakanni."

"Na sani. Me take cewa?"

Ya sosa ƙeya, ya ce akwai saniya a ciki, akwai kuma gida. Sauran ya fi ƙarfin Larabcinsa.

To, ni a gidan da na tashi, babba ba ya kama ka da laifi ya ce maka ɓarawo. Zai bari sai an taru, ya jefa karin magana sama, kowa ya san kan wa ta faɗa. Kakata ta yi shekara tana horon surukarta da haka ba ta taɓa kiran sunanta ba. Don haka ban tsaya wani tunani ba, na san habaici ne, kuma ni ake yi wa.

Na kai maganar wurin maƙwabcina, wani tela ɗan Damagaram da nake kira Kawu. Sau biyu ana mayar da shi gida yana dawowa, saboda haka a lungunmu shi ne malamin harkar kamu. Ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, ai a fili take. Saniya dukiyar kamfani ce. Gida kuwa, ka san gidan da ake nufi."

Haka muka shiga. Kullum safiya tsoho ya jefo tasa, kafintoci su gyaɗa kai, da rana mai abinci ya ba ni kalma ɗaya ko biyu, da yamma Kawu ya fassara. Ran da aka ce ruwa, Kawu ya ce teku ce za a tsallakar da ni. Ran da aka ce tsuntsu, ya ce jirgi. Ran da aka ce shinkafa na ɗan yi murna, ya ce abincin gidan tarhil ke nan, inda ake tsare mutum kafin a kora shi. Wallahi da an ce masa zuma sai ya samo mata harbi. Ni kuma saboda wauta ina zaune ina cewa haka ne, Kawu.

Na daina taɓa ko tsinken katako. Wanda na riga na kwaso na buga gado da shi, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, ƙusa ta leƙo ta gefe. Matata ta dube shi ta ce, "Malam, wannan na jariri ne ko na kaza?" Ban yi dariya ba, don a ranar tsoho ya nuna cikinsa da hannu, ya yi kamar yana rarrashin jariri, ya nuna ni. Na ce ashe har iyalina ya bincika, yana gaya mini ya san inda zai taɓa ni.

Allah ya sauke ta lafiya, muka samu 'ya mace. Na kai dabino da alewa wurin aiki na raba, kamar yadda ake yi. Bayan kwana biyu tsoho ya zo da riga wankakkiya, ya tara kafintoci, ya kira ni gaba. Ya fito da wata doguwar takarda fara mai kauri, da baƙin rubutu manya-manya daga sama zuwa ƙasa. Ya miƙo mini da hannu biyu, har da sunkuyawa. Aka tafa. Ni ban ga rubutu ba, ban ji tafi ba, abu ɗaya idona ya kama: jan hatimi a can ƙasa. A Jidda duk takardar da ta taɓa ba ni wahala hatimi ne a jikinta. Mai abinci kuma ranar ya tafi kasuwa.

Kawu ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa, ya ɗaga ta a rana. Ya ce ɗayan biyu ne, ko takardar ƙara ce, ko asiri. "Ko wacce ce, kada ta kwana a ɗakin da jaririya take."

Matata tana jin mu daga bayan labule. Ta ce, "Malam, wanda zai kai ka ƙara shi ne zai ba ka takardar a hannu, har da sunkuyawa?"

Na daka mata tsawa na ce me ta sani a harkar takardu. Har yau ina jin kunyar wannan tsawar, mace da jego ɗanye. Na ɗauki takardar na cusa a wutar da ake dafa mata ruwan wanka. Ta ci wuta nan da nan, tana ƙamshi kamar busasshiyar ciyawa. Daga ranar na daina zuwa aiki, na fake da hidimar suna.

Juma'ar da ta biyo bayan suna, da la'asar, sai ga motar kamfani a bakin lungu. Direban da ke sauke ni kullum ne ya nuna musu hanya. Kawu, gwanin fassara, ya rufe shago ya ɓace ko sallama babu. Ni kuwa na haye rufin gida na laɓe bayan tankin ruwa, ina karanto duk addu'ar da na sani. Can na ji muryar matata daga ƙasa, a sanyaye.

"Malam, sauko. Baƙinka ne, kuma da kaya suka zo."

Na sauko. Tsoho da mai abinci suna tsaye a ƙofa sun cire takalma, tsakaninsu gadon jariri. Ban taɓa ganin aiki irinsa ba. Babu ƙusa ko ɗaya, katako ne ya shiga cikin katako, an goge shi sumul, in ka taɓa shi da yatsa sai ya yi lilo a hankali. Tsoho ya hango nawa gadon a kusurwar ɗaki, ya dube shi, ya kau da kai don kada ya kunyata ni.

Mai abinci ya zauna ya yi ta haɗa Larabcinsa da hannu da ƙafa har na fahimta. Katakon da na tsinta na zuba kankare ne, ya sha mai, ga tsaga, bai dace da jariri ba, abin da tsoho ya girgiza wa kai ke nan. Maganganun safiya kuwa, a wurinsu in mutum zai zama uba, babba yakan ba shi abin da nasa uban ya ba shi, ɗaya-ɗaya. Tsoho yana da ɗa sa'ana a can gida, an yi masa haihuwa, bai ga jikan ba. Ni ne na fi kusa, sai ya juye mini.

Ina nan zaune kamar an jiƙa ni, sai tsoho ya warware wani abu daga cikin jarida. Firam ne na katako, dogo, siriri, daidai tsawon takardar nan. Ya bi bangon ɗakin da kallo, bango huɗu, yana nema. Mai abinci ya ce a ƙasarsu gida yakan zaɓi magana ɗaya ta kakanni a rataye a bango, yaro ya tashi a ƙarƙashinta. Takardar nan da aka ba ni ita ce ta gidan uban tsoho, da hannunsa ya rubuta, hatimin kuma sunansa ne. Yana tambaya ina take.

Matata ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririya zane. Na buɗe baki na ce na adana ta a wuri mai kyau.

Tsoho ya ji daɗi sosai. Ya zaro ƙusa daga aljihu, ya buga a bango saman gadon, ya rataye firam ɗin haka nan, ya nuna mini yadda zan zare bayansa in sa takardar. Ya sha shayi kofi biyu, ya taɓa tafin ƙafar jaririya da guntulallen yatsansa, suka tafi.

Na koma aiki ranar Asabar. Babu wanda ya tambayi iƙamata, ba a ranar ba, ba bayanta ba, har aka gama gadar. Na lallaɓa na tambayi mai abinci abin da takardar ta ƙunsa, ya ce shi bai gan ta ba, in kawo ya duba. Wata biyu tsoho ya ƙara tare da mu. Kullum safiya ina miƙa masa zarto ina cewa yau zan gaya masa gaskiya, na san da zai sake rubuta mini. Kullum kunya ta riƙe mini harshe. Wata safiya na buɗe sito aka ce kwantiraginsa ya ƙare, ya tafi jiya.

Yara shida suka kwanta a gadon nan, bai ko yi ƙara ba. Firam ɗin kuma ya bi mu duk gidan da muka koma, matata ce ke rataye shi, ba ta taɓa ce mini komai a kansa ba. Da 'yar nan tawa ta yi haihuwar fari a unguwar Bagdadiyya, ta zo ɗaukar gadon, sai ta ce a haɗa mata da firam, tunda tare suka zo. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta juyo ta ce, "Baba, wai me ya kamata a sa a ciki?"

Na ce mata maganar tata ce, an kawo mata tun tana kwana uku a duniya, ni na ƙona ta ban san me ta ce ba.