Ranar da na shiga shirun Kawu

Jiya 'yata ta kunna min wani mai barkwanci a waya. Yana tsakiyar labari ya yi shiru, sai na ga na toshe bakina da hannu. Kawuna ne ya faɗo min a rai.

Ɗan kama ne, mai ba da dariya a gidajen suna da biki. In labari ya zo ƙarshe, sai ya tsaya, ya cire hula, ya leƙa cikinta, ya hure ta. Har ƙarar cokali a faranti kana ji. Kalma ɗaya zai ƙara, tsakar gida ta kece da dariya.

Lokacin wani suna a unguwar Wambai, Kawu ya riga ya tsufa, ba a cika kiransa ba. Ya ɗauko labarin akuyar da ta shiga motar Lambata, ya cire hula. Shirun ya yi min tsawo, na zaci mantuwa ce. Don in rufa masa asiri, sai na faɗi ƙarshen labarin da ƙarfi, tunda na sha jin sa. Mutum biyu kawai suka yi murmushi.

A zaure ya ce min, "'Yar nan, ban manta ba. Shirun nan nasu ne, a cikinsa suke tara dariyar."

Ba a sake kiransa taro ba. Ni mai surutu, nauyi ya hana ni neman gafararsa har ya rasu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa shirun da yake ciki yanzu irin nasa ne, wanda farin ciki ke biyo baya.